Kup a Gonar Baba Ilu

Jiya ina wucewa ta bakin fili na ji wani a cikinku yana cewa aikin arbitir, wato alƙalin wasa, ai ba aiki ba ne, usur ne kawai da gajeren wando. Ban tsaya ba, don ina sauri in samu jam'i. Amma tun da yau kun zo da ƙafarku kuna so in sakar muku gasar unguwanni ku riƙe, to ku gyara zama. Busa usur shi ne abu na ƙarshe a wannan sana'a, kuma shi ya fi komai sauƙi. Kafin a kai gare shi akwai fili, akwai balo, wato ƙwallo, akwai mutanen da sai ka bi su gida gida da lallashi, sannan akwai sama, wadda ba ta zuwa taron kwamiti.

Aikin farko da Mushe Isufu ya ba ni shi ne cire tushiya. Mushe Isufu malamin lakwal ne, makarantar boko ke nan, shi ya kafa gasar nan ta Magarya, kuma a hannunsa na koya. Ni a lokacin tela ne, ina da kekena a bakin kasuwa, ina son balo amma ƙafata ba ta sonta. Na je na ce masa ina so in koyi alƙalancin wasa, ina tsammanin zai rataya mini usur a wuya. Sai ya miƙo mini gatari ya ce in bi shi. Muka fita bayan gari ta hanyar Sassumbrum, ya tsaya a wata gonar hatsi da aka gama girbe ya ce, "Ga teran ɗinmu nan," wai filin wasa yake nufi. Na duba, ba abin da nake gani sai tushiyar kara tsaye ko'ina, kowace da kaifinta. Mafi yawan 'yan wasanmu ba su da takalmi, tushiya ɗaya in ka manta da ita sai ta tsarge wa mutum tafin ƙafa. Muka haƙe su, muka cike ramuka, muka share ƙarangiya da tsidau muka ƙone. Sai da hannuwana suka yi kanta kafin Mushe ya yarda in taɓa usur ɗinsa, shi ma don in wanke masa ne.

Gonar ta Baba Ilu ce, wani dattijo mai ƙarancin magana wanda bai taɓa kallon wasa daga farko har ƙarshe ba. Filin lakwal ya yi mana kaɗan, ga kuka a tsakiyarsa, shi ya sa Mushe ya je ya roƙi aron gonar nan. Baba Ilu bai nemi ko dala ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: daga girbi zuwa bazara fili namu ne, amma ranar da ruwan shuka ya sauka mu tumɓuke itatuwan ragarmu, gonarsa ta koma gona. Babban ɗansa Haruna bai taɓa son abin ba. Cewa yake yi muna daddaɓe ƙasa, kuma mun hana shanun Fulani kwana a wurin su bar taki. Da gaskiyarsa. Don haka kowace shekara kafin mu tashi sai kowace ekip, wato ƙungiyar 'yan wasa, ta kawo amalanken taki ta zuba.

Zana layi kuwa da toka muke yi. Ana gobe wasa zan bi gidaje da buhu ina roƙon tokar murhu, mata suna yi mini dariya suna tambaya ko sabulu zan dafa. Awon fili da igiyar guga ne, mu ja ta ta miƙe, in bi ta da gwangwanin da na huda gindinsa. Ragar gida babu raga, azara ce biyu a tsaye da ɗaya a bisa. Balo ɗaya gare mu ta fata, in ta fashe wasa ya tsaya sai baduku ya ɗinke, a hura da famfon keke. Katin gargaɗi ni na yanka su daga kwali na liƙa musu ƙyallen atamfa, ja da rawaya. Agogo na Mushe ne, amma ba shi ke mulki ba. Ana take wasa bayan la'asar, a tashi kafin magariba, don haka in kwana ya gajarta sai rabin wasa ya gajarta tare da shi. Ido ɗaya a kan balo, ɗaya a kan rana.

Sai mutanen da kake yi wa aikin. Kowace unguwa da ekip ɗinta, ga ta 'yan lakwal, ga ta 'yan tasha, ga ta mahauta, sannan muna gayyatar ƙauyuka. Mutanen Kwaya a amalanken jaki suke zuwa, na wajen Guci kuwa sai sun kwana a gari. Da kaka ake zama a ƙofar sarkin samari, a zuba ƙuri'a a hula, a raba su gida biyu. Kowa ya kara da kowa a gidansu, waɗanda suka fi maki su haɗu da na ɗaya gidan, har a rage biyu su buga final, wanda ya ci ya ɗauki kup, wato kofin gasa. A baki abin da daɗin faɗi. Amma ba ka sa wa mahauta wasa ranar kasuwa, kuma ba kasuwar garinku kaɗai ba, har ta Sassumbrum da duk inda suke zuwa sayen dabba. Ba ka sa wa 'yan tasha ranar da motoci ke lodi. In aka yi rasuwa a unguwa, sai an share makoki. In azumi ya shigo, an rufe fili ke nan sai bayan salla. Ga cin rani: ekip ɗin da ta fara gasa da zaratan samari, kafin tsakiyar rani rabinsu sun tsallaka Najeriya neman na tufafi, sai ka ga kapitan yana bin ƙannensa yana auna musu riga.

Daga nan ne ake kawo sojan haya. Dokarmu ita ce ba ka buga wa unguwa sai mai unguwa ya san gidan da kake kwana. 'Yan tasha su ne gwanayen karya ta, don su ke da mota. Akwai shekarar da suka sauko da wani dogo daga ƙetaren iyaka suka ce ɗan yayar kapitan ɗinsu ne, a nan aka haife shi. Mushe ya ce madalla, ya je ya ɗebo mana ruwa a rijiyar unguwarsu mu sha kafin a take. Bawan Allah ya ɗauki bokiti ya nufi maƙabarta. Ko su 'yan tashar sai da suka yi dariya.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta ita ce ta farko da na riƙe gasa ni kaɗai. An yi wa Mushe canjin wurin aiki zuwa Damagaram, ya bar mini usur da agogo ya ce, "Sule, kome za ka rasa, kada ka rasa gonar nan. In ta tafi, gasa ta tafi." Sai ga shi shekarar komai ya zo a karkace. Girbi ya yi jinkiri. Azumi ya faɗo a tsakiyar gasa. Aka yi rashe-rashe a unguwanni, balo ta fashe har baduku ya ce ba sauran wurin da allura za ta kama. Kafin mu kai final zafin bazara ya kankama, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma.

Final ta faɗo tsakanin 'yan tasha da mahauta, waɗanda ko a hanya ba sa gaisawa da daɗi. Kapitan ɗin tasha Mutari ne, mai fara'a da daɗin baki. Na mahauta Lawali, shi ne kuma mai tsaron gidansu, ƙato ne mai jan ido wanda in ya yi maka magana sai ka ɗauka faɗa ne ko da gaisuwa ce. Aka buga, aka tashi kunnen doki, kiran magariba ya riske mu ba a samu damar bugun raba gardama ba. Na ce a sake bayan kasuwa. Ranar da za a sake ɗin, da asuba, ruwa ya sauka, ruwa na sosai, irin wanda ko makaho ya ji ƙamshin ƙasa ya san na shuka ne.

Gari na wayewa na nufi gidan Baba Ilu. Na iske shi a ƙofar gida, an fito da buhun iri da sungumi, wato dogon abin saran ramin shuka. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa barka da ruwa.

"Barka kadai," in ji shi. "Ka zo kwashe itatuwanka?"

"Baba, alfarma na zo nema. Wasa ɗaya ya rage. In ba a buga shi ba, unguwanni biyun nan za su shekara suna faɗa a kan kup."

Haruna ya ce, "Kup za mu ci da damina? Baba, na faɗa maka ƙarshen abin nan ke nan."

Tsoho bai kula shi ba. Ya sunkuya ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya damƙo ya nuna mini. "Ka ga laimar nan? Jigawa ce, ba ta jiran kowa. Rana ɗaya in ta buge ta, gobe sai ƙura. Ni da Haruna da mata za mu shuka gonar nesa da safen nan. Ta kusa kuwa da yamma na yi niyya."

Na ce ya ba ni daga azahar zuwa la'asar. Na yi masa alkawari da zarar na busa tashi, ekip biyun nan da magoya bayansu za su shuka masa gonar tas kafin rana ta faɗi. Ya karkaɗe ƙasar da ke hannunsa.

"Sule, na ba ka. Amma in rana ta faɗi irina bai shiga ƙasa ba, kada ka ƙara zuwa ƙofar nan da maganar balo. Ko kai, ko wanda zai gaje ka."

Ranar kowa yana gonar ubansa, don haka a keke na bi kapitan biyun ɗaya ɗaya. Mutari tun ban rufe baki ba ya ce, "Haba arbitir, wannan ai ba komai ba ne. Mu za mu fara sara." Lawali kuwa ko ɗagowa bai yi daga shukarsa ba. Ya ce, "Mun ji. Kai dai ka busa gaskiya." Na hau keke ina cewa a raina, in mahauta suka sha kashi, wallahi ko ƙurarsu ba zan gani ba, in ma ban sha duka ba. Duk tsorona a kansu yake.

Ruwa ya wanke layi, tokar da na tara ta zama kunu. Sai da mata suka kwaso mini mai zafi daga murhun abincin rana, ina zubawa tana ƙona mini yatsu. Bayan azahar aka take, rana tana dukan ƙasa mai laima, tururi yana tashi, balo ta sha ruwa ta yi nauyi kamar kabewa. Mutane sun baro gonaki da ƙasa a ƙafafunsu sun kewaye fili. Alhajin da ya sayi kup ɗin yana zaune a kujera, an ajiye kup ɗin a gabansa a kan tebur. Can gefe, ƙarƙashin gawo, Baba Ilu ya dawo daga gonar nesa ya zauna kusa da buhun irinsa, ya juya wa wasan baya.

Har aka kusa tashi ba wanda ya ci. Sai Mutari ya ɗaga balo cikin gidan mahauta, wani ɗan bayansu ya yi tsalle, ta bugi hannunsa. Ba da gangan ya yi kamar mai kamawa ba, amma hannun a sama yake, kuma na gani sarai. A ɗan lokacin nan na auna komai. In na busa, mahauta sun faɗi ta hannuna, kuma na rasa rabin masu shuka. In na kau da kai, 'yan tasha sun gani, su ma su tafi da fushi. Da na ga ko ta ina ba mafita, sai na busa abin da ya faru, na ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Lawali ya taso daga gidansa ya tsaya a gabana har ina jin hucinsa. Sai ya juya ya koma. Mutari ya buga, Lawali ya faɗi dama, balo ta shige hagu. Ba a jima ba na busa tashi.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ya faru. Ina ƙoƙarin tara kapitan biyu in tuna musu alkawari, Alhaji cikin murna ya riga ya miƙa wa Mutari kup. Makaɗa suka saki ganga. Aka ɗaga Mutari sama, aka jefa shi bayan wata motar tasha, direba ya danna ham, jama'a ta bi su ɗuu zuwa cikin gari. Na bi su da gudu ina busa usur kamar zan fasa ƙirjina, wa zai ji ni? Waɗanda suka ci, su ne suka tafi, suka kuma kwashe 'yan kallo. Shi ya sa har gobe kuke ganin ba a miƙa kup sai an tumɓuke azara an share fili. Wannan doka ba a littafin Turawa take ba, ni na kafa ta, kuma in kuka soke ta Allah ya isa.

Na dawo fili ina haki. La'asar ta yi, inuwar gawo ta fara tsawo. Ba kowa sai mahauta a zube a ƙasa, wasu sun rufe fuska da riga, sai 'yan unguwarsu kaɗan, sai matan gidan Baba Ilu da ƙoƙunan iri a hannu. Haruna ya dube ni ya yi wata dariya mara daɗi.

"Arbitir, ina rundunar taka?"

Tsoro da kunya suka haɗu suka rufe ni. Na yi sallar la'asar a gurguje, na ɗauki sungumi ɗaya na nufi gefen gabas na fara sara ni kaɗai. Na san aikin banza nake yi, mutum ɗaya ba ya shuka wannan gona ko zai kwana a kai, amma ban iya tsayawa haka tsoho yana kallona ba. Ina cikin yi na ga inuwa ta rufe ni. Lawali ne. Na ce to, yau dai ga dukan ya iso.

"Hannu ne?" in ji shi.

"Hannu ne, Lawali. Kai ma ka gani."

"Na gani. Amma da ka kau da kai ba wanda zai mutu."

"Haka ne."

Ya tsaya yana kallon ramukan da na sara. "Kai tela, wa ya koya maka riƙon sungumi? Kawo nan kafin ka sare ƙafarka." Ya fizge, ya juya ya daka wa mutanensa tsawa irin wadda yake yi wa sa a mayanka. "Kai, ku tashi! Kuka za ku zauna yi? Da bakina na ce wa mutumin nan mun ji. Wanda gidansa ke kusa ya ruga ya ɗauko sungumi. Ku biyun nan, ku tumɓuke itatuwan can."

Ban taɓa ganin shuka irin ta yammacin nan ba. Masu sara suka jeru a gaba, har yanzu da rigunan wasa a jikinsu, suna tafiya suna sara a kowane taku. Mu muna biye, mu jefa iri mu rufe da diddige. Matan gidan suna cika mana ƙoƙuna, 'yan unguwar mahauta da suka fara tafiya suka dawo da suka ga abin da ake yi. Wanda balo ta bugi hannunsa ya fi kowa sauri, yana sara yana share hawaye. Haruna ya daɗe a tsaye hannu a ƙugu, daga baya ya ja tsaki ya ɗauki sungumi ya shiga layi. Daga cikin gari muna jiyo gangar 'yan tasha, duk sanda ta ƙara ƙarfi sai Lawali ya ƙara sauri, yana zagin wanda ya yi baya. Ni kuwa ban daina waiwayen rana ba. Ta yi ja, ta sauko kan itatuwa, ga kusurwa guda ba a taɓa ba. Bayana ya riƙe, yatsun da toka ta ƙona suna zogi, ban tsaya ba. Muka rufe ramin ƙarshe gefen rana na taɓa ƙasa, ladan yana gyaran murya.

Kowa ya tsaya cik. Baba Ilu ya tashi da sandarsa ya shiga gona. Ya bi layi yana taɓa ƙasa da yatsan ƙafa ko an rufe da kyau. Ya tona wani rami ya duba irin, ya mayar. Ya je har ƙarshe ya dawo. Da ya iso gefen gabas ya tsaya.

"Sule."

"Na'am, Baba."

"Layukan nan da suka karkace kamar fitsarin sa, wa ya sara su?"

"Ni ne, Baba."

"Na sani. Baɗi ka tsaya a usur ɗinka, ka bar wa mahauta sungumi."

Ya juya ya kama hanyar masallaci. Sai da ya yi nisa maganar ta shige ni: ya ce baɗi. Na zube a wurin ina faɗin alhamdu lillahi ba ƙaƙƙautawa. Lawali ya zo ya tsaya a kaina, ya zungure ni da ƙotar sungumi.

"Tashi, arbitir," in ji shi. "A kan irin mutane kake zaune."